Neman shawara: yarinyata tana amai bayan aikin ƙashin baya

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. 'Yata mai shekara 14 aka yi wa aikin miƙar da ƙashin baya da ya karkace, an sa mata ƙarafa. Aiki ya yi kyau, har tsawo ta ƙara. To tun da aka sallame mu makon jiya, ko kunu ta sha sai ya dawo, aman kore shar, cikinta ya kumbura ta sama. In ta yi ruf da ciki sai ta ce ta ɗan ji dama. Dama can siririya ce. Kakarta ta ce a jiƙa mata kanwa. Me kuka gani?

Wata 'yar'uwa: Allah ya ba ta lafiya. Ko ulsa ce? Magungunan rage ciwo suna tayar da ita.

Ma'aikaciyar jinya: Hajiya, don Allah a ajiye kanwar nan, a mayar da ita asibitin yau. Koren amai na nuna abinci bai wuce ba. Farkon ƙaramin hanji yana ratsawa ne tsakanin babbar jijiyar jinin da ta sauko daga zuciya da wani reshenta mai kai jini ga hanji. Kitse ne ke riƙe tsakaninsu a buɗe. In aka miƙar da baya, sai wurin ya ƙara tsukewa, musamman ga siririn yaro da ya rame bayan aiki, jijiyoyin su danne hanjin. Likitoci na kiransa ciwon SMA (gajeren sunan reshen jijiyar nan ne a Turance), kuma yakan bayyana cikin mako ɗaya zuwa biyu bayan tiyata. Sauƙin da take ji in ta yi ruf da ciki ma alama ce, don kwanciyar tana sassauta matsewar. Hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka a asibiti, shi ne zai tabbatar.

Wani uba: Namu ma haka ya yi. Roba aka zura masa ta hanci aka zuƙe cikin, aka yi ƙarin ruwa, aka riƙa ba shi abinci ta wata robar har ya yi ƙiba. Ba a sake yanka shi ba.

Ma'aikaciyar jinya: Yawanci haka ne, sai in ya ƙi ake tiyata. Kafin ku isa, ta kwanta ta gefen hagu, kada a matsa mata da abinci.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na kira likitan, ya ce mu taho ta sashen gaggawa. Babanta ya tafi neman mota.