Manhaja ta ce ya saci bahasi: wannan ya isa hujja?

Ɗan aji uku: Salamu alaikum 'yan zaure. Abokin ɗakina ya miƙa bahasinsa na Usulul Fiƙhu, Dakta ya saka a manhajar gano rubutun na'ura, ta ce wai yawancinsa ChatGPT ne ya rubuta. An ba shi sifili, kuma za a kai shi gaban kwamiti. Tun jiya kabsarsa, wato shinkafarsa, na nan a rufe, ko taɓawa bai yi ba. Wallahi zalunci ne.

Mai digiri na uku: Wa alaikumus salam. Ƙanena, yi a hankali da kalmar zalunci. Ruwa ba ya tsami banza, manhaja kuma ba ta gaba da kowa. Hadisin na cikin Sahihu Muslim: wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Mutum ya baro gida ya zo Saudiyya neman ilimin addini, ya koma da shahadar da bai yi wa gumi ba, gobe ya hau mumbari?

Ɗan kwamfuta: Malam, hadisi kam gaskiya ne, amma ai sai an tabbatar da ha'incin. OpenAI, masu ChatGPT ɗin, sun fitar da tasu manhajar gano rubutun na'ura a farkon 2023, suka janye ta a watan Yuli saboda yawan kuskurenta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Irin wannan manhaja kirdado kawai take yi: in jimlolinka sun bi salon da aka saba, sai ta ce na'ura ce. To mu da muka koyi Larabci daga littafi, wane salo gare mu in ba wannan ba?

Mai digiri na uku: To sai malamai su naɗe hannu?

Ɗan kwamfuta: A'a. Hujja tana kan mai da'awa, Malam, ku kuka karantar da mu a Arba'una.

Baban Sharamansur: 'Ya'yana, ni ban yi jami'a ba, allo na yi. In yaro ya ce ya haddace, ba a musu da shi, cewa ake ya biya. A zaunar da shi, a rufe takardar, a ce ya bayyana mas'alar da bakinsa.

Ɗan aji uku: Allah ya ƙara girma, Baba. Sai dai yanzu yake gaya mini ya ba ChatGPT ya gyara masa nahawu. Wai gyara kawai.

Mai digiri na uku: Kun ji ko!

Ɗan kwamfuta: Gyaran i'irabi daban, rubuta maka tunani daban. Malam, kai ba ka taɓa ba wani Balarabe ya duba maka risalar digirinka ba?

Mai digiri na uku: Na bayar, amma da sanin mushrif ɗina, malamin da ke duba aikina. Shi ya faɗa wa Dakta? Ni ga ma'aunina: a duba hamish, wato madogaran da ya kawo a ƙasan shafi. Na'urar nan takan ƙirƙiro littafi da juzu'i da shafi, ka je laburare ka yi ta nema, babu. In duk madogaransa sun fito, ni zan raka shi ofishin Dakta.

Ɗan aji uku: Muna kai tun bayan isha'i, mun buɗe Shamila, laburaren littattafan Musulunci na kwamfuta. Goma sha ɗaya sun fito daidai. Saura ɗaya, har yanzu ba mu gan shi ba.

Baban Sharamansur: Ku dai sa shi ya ci abincin nan tukuna.