Sunan zakara a jikin wasan bidiyo: shaida ce ko talla?

Nasiru: Abin da nake cewa shi ne, sunan ɗan wasa a jikin kwalin wasan bidiyo talla ce kawai, ba ya ƙara wa wasan inganci. Kamfanin Ubisoft ya fitar da Shaun White Snowboarding a 2008, shekara biyu bayan Shaun White, zakaran zamiya da allo a kan dusar ƙanƙara, ya ci lambar zinare a gasar Olamfik ta hunturu a Turin, kuma farin jininsa ne aka kai kasuwa. Ga SSX na kamfanin EA, wanda ya fara fitowa a 2000 ba tare da sunan wani zakara ba, amma har yau masu son zamiya a kan dusar ƙanƙara ba su daina ambatonsa ba.

Hauwa'u: Malam Nasiru, ka ɗauki misali ɗaya ka yanke wa kowa hukunci da shi. Ka duba Mark McMorris Infinite Air, wanda HB Studios na Kanada ya ƙera a 2016 da sunan ɗan wasan zamiya Mark McMorris. A cikinsa ba a danna maɓalli ɗaya mutum ya wuntsila sau uku a sama. Sai mai wasa ya lura da yadda jiki ke karkata da lokacin da allon zamiya zai dira, in ya yi gaggawa ya kife. Wasan yana da wuyar koyo, wasu ma sun guje shi saboda haka, amma a ganina wannan wuyar ce ta sa ya cancanci sunan mutumin da zamiya ce sana'arsa.

Bashir: Ku yi mini haƙuri, duk kun bar abin da ya fi damuna. A watan Maris na 2017, watanni kaɗan bayan fitowar wannan wasa, McMorris ya yi karo da bishiya a tsaunukan da ke kusa da garin Whistler na Kanada, ya karya muƙamuƙi da hannu, saifarsa ta fashe, huhunsa ɗaya ya sace. Kafin shi, Kevin Pearce, babban abokin hamayyar White, ya ji mummunan rauni a ƙwaƙwalwa yana atisaye a garin Park City na Amurka a ƙarshen 2009, kuma bai sake shiga gasa ba. A cikin wasa kuwa, wanda ya faɗo daga tsauni yakan miƙe nan take ya ci gaba. Idan aka liƙa sunan mutum na gaske a kan haka, yaro zai ɗauka gaskiyar ke nan.

Hauwa'u: Yaya Bashir, na yarda haɗarin na gaske ne, amma yaron da ya san sunan McMorris ta hanyar wasa shi ne zai nemi labarinsa, ya ga raunin, ya kuma ga yadda ya dawo ya ci lambar tagulla a gasar Olamfik ta hunturu a Pyeongchang a 2018. Wasan da mutanensa duk na ƙirƙira ne ba ya kai kowa ga wannan labari.

Nasiru: Wannan hujja na karɓe ta, Malama Hauwa'u, sai dai amfani ce ga ɗan wasan da sana'arsa, ba shaidar ingancin wasan ba. Ubisoft ɗin ma da ya koma kan wasannin tsauni a ƙarshen 2016, sai ya fitar da Steep, kuma bai sa sunan kowa a kansa ba.