Koyar da tarihin zamanin su Rumfa da Mansa Musa ta aikin hannu: me kuka gwada?

Malamar tarihi, Kano:
Assalamu alaikum malamai 'yan'uwa. Ɗalibaina na ƙaramar sakandare sun iya hadda: Sarki Muhammadu Rumfa 1463 zuwa 1499, hajjin Mansa Musa, sarkin Mali, 1324. Amma da zarar na tambaye su me ya sa Kano ta yi ganuwa, sai aji ya yi tsit. Abin yana damuna ƙwarai. Don Allah wanda ya taɓa sa yara aikin hannu a wannan darasi ya faɗa mana yadda ta kaya.

Malam daga Zariya:
Wa alaikumus salam Malama. Ni tubali na sa su yi. Muka ɗebo jar ƙasa a bayan makaranta, aka cuɗa da busasshiyar ciyawa, kowane yaro ya mulmula nasa da hannu irin na da, mai faɗin gindi da tsinin kai. Da suka bushe muka jera 'yar katanga da ko gwiwa ba ta kai ba, amma duk sun jigata. Sannan na ce musu tun zamanin Sarki Gijimasu, a farkon ƙarni na 12, aka soma ganuwar Kano, sarakunan baya kuma suka yi ta faɗaɗa ta. Wani yaro yana kankare taɓo a farcensa ya ce, "Malam, to su wa suka ɗebo ruwan kwaɓin?" Wallahi wannan tambaya ta fi mini komai. Daga ita muka shiga zancen aikin gayya, da bayi, da ikon sarki na tara jama'a, da kududdufan cikin birni waɗanda ramukan haƙar ƙasar gini ne. Su da kansu suka gano cewa ba a shan wannan wahala sai akwai dukiyar da ake tsoron a kwashe.

Malama daga Katsina:
Mu ayari muka haɗa a filin makaranta. Gefe ɗaya Taghaza, inda ake saro gishiri, ɗaya gefen Bambuk da Bure masu zinariya. Sandunan sabulu suka zama gishiri, ƙwayar masara zinariya. Aka naɗa madugu, na zaunar da yara uku a tsakiya a matsayin masu karɓar harajin sarkin tsohuwar daular Gana. Na bi abin da marubucin Andalus Al-Bakri ya rubuta a ƙarni na 11: dinari ɗaya kan kowane kayan jaki na gishiri in zai shiga, biyu in zai fita. Kafin a buga ƙararrawa kwanon masu haraji ya cika, fatake kuwa sai ƙorafi suke. Ban sake bayanin inda daular ta samo arzikinta ba. Da na ce musu matafiyin nan Ibn Battuta ya ga gidajen da aka gina da gishiri a Taghaza a 1352, sai da suka sa na maimaita.

Malam daga Agadas:
Mu a nan darasin yana tsaye a tsakiyar gari. Na kai su gindin hasumiyar babban masallaci, wadda aka fara ginawa a 1515, tsayinta mita 27. Na ce kowa ya zana ta, ya faɗi amfanin itatuwan da suka leƙo daga jikinta. Wata yarinya ce ta cinko: matakar masu yaɓe ne.

Tsohon malami, Sakkwato:
'Ya'yana, duk kun yi ƙoƙari, amma a faɗi gaskiya: minti arba'in ne, aji maƙil, kuɗin mota babu. Abin da ya yi mini aiki shi ne wanda ba ya cin ko sisi. Tawadar gawayi da ƙaro, alƙalamin gamba, kowa ya kwafi layi biyar ba tare da kure ba. A nan yaro ke gane darajar littafi a Timbuktu, da dalilin da ya sa zuwan malami irin Al-Maghili Kano ya zama babban lamari. Kuma ku kula, kada wasa ya cinye darasi. A bar minti goma na ƙarshe yaro ya rubuta abin da ya fahimta, don jarrabawa a rubuce take zuwa.

Malamar tarihi, Kano:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Zan fara da tawadar, sannan in nemi izinin kai su marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama, tunda ba su da nisa da mu. Malam na Zariya, kwana nawa tubalin ke yi kafin ya bushe?

Malam daga Zariya:
Da rani 'yan kwanaki sun isa, Malama. Ki dai rage masa ruwa wajen kwaɓi, ki yawaita ciyawar don kada ya tsattsage. Kuma ki sanar da iyaye tun da wuri su ba yara tsofaffin kaya, jar ƙasa ba ta fita da sauƙi a farin yunifom.