Ya yi denge sau ɗaya, wai ya tsira ke nan?

Maman Yara, Birni:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena direban babbar mota ne. A 2023, lokacin da denge, cutar zazzaɓi da sauro ke yaɗawa, ta yi tsanani a Burkina, ya kamu a Wagadugu, Allah Ya ba shi lafiya. Yanzu zai koma da kaya, na ce ya tafi da gidan sauro da man shafawa na korar sauro, ya ce jikinsa ya riga ya san cutar, kuma yana da katin allurar rigakafin ciwon shawara. Hankalina bai kwanta ba. Gaskiya ne?

Malamin asibiti, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki zaunar da shi. Denge iri huɗu ce. Wadda ta kama shi ba za ta sake kama shi ba, amma kariyar da ta ba shi daga sauran ukun ta ɗan lokaci ce. Kamu na biyu da wani iri shi ne ma abin tsoro: garkuwar da jiki ya haɗa a karon farko tana manne wa sabuwar ƙwayar ba tare da ta kashe ta ba, sai ma ta taimaka mata ta shiga ƙwayoyin jini. Daga nan ake samun zubar jini. Ba kowa ba ne, amma haɗarin ya fi na farko. Allurar shawara kuwa shawara kaɗai take tsarewa, ko da yake sauro iri ɗaya ne ke ɗauke da ita da denge.

Baban Zango:
'Yata, gidan sauro bai isa ba. Wannan sauron mai ɗigon fari a ƙafa da rana yake cizo, da safe da la'asar, daidai lokacin da suke zaune a tasha suna jiran lodi. Riga mai dogon hannu da safa. Mu ma nan Damagaram da muke tara ruwa saboda matsalar famfo, a rufe randa da jarka, don a irin ruwan nan sauron yake hayayyafa.

Maman Yara:
To in zazzaɓi ya kama shi a hanya fa?

Malamin asibiti:
Farasitamol kawai da ruwa da yawa, ban da asfirin da ibuprofen. Ya gaya wa likita ya taɓa yin denge. In zazzaɓin ya sauka sai ciwon ciki, amai ba tsayawa ko jini a dasashi suka biyo baya, kada ya jira ya iso gida, ya shiga asibitin da ya fi kusa.