Manyan 'yan bayan hoki na ƙanƙara: abin da aka tattauna

Ga abin da na tsinto daga wata doguwar muhawara kan wane ne ɗan baya mafi ƙwarewa a tarihin hoki na ƙanƙara:

1. Kusan kowa ya sa Bobby Orr a gaba. Kyautar Norris (ta gwarzon ɗan baya na shekara) 8 a jere, 1968 zuwa 1975, kuma shi kaɗai ne ɗan baya da ya taɓa fin kowa maki a kakar wasa ta NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada. Ciwon gwiwa ya katse masa wasa yana ɗan shekara 30, abin takaici.

2. A matsayi na biyu aka rabu. Wasu Nicklas Lidström suka zaɓa, Norris 7 da Kofin Stanley (kofin zakarun NHL) 4 a ƙungiyar Detroit. Wasu Ray Bourque, mai maki 1,579 a tsawon wasansa a NHL. Ni ina goyon bayan Lidström.

3. Dattawa sun dage kan tsofaffin 'yan wasa Doug Harvey da Eddie Shore, suna tunatar da cewa zamanin Shore babu kyautar Norris.

4. Cale Makar kuwa, ɗan wasan wannan zamani, aka ce a dakata tukuna.