Tara katunan tarot saboda zanensu kawai, shi ma duba ne?

Ɗan_Torino:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina da tambaya amma kar a yi min caa sai an karanta har ƙarshe. Ina karatu a Torino ta ƙasar Italiya, shekara ta biyu kenan, to akwai wata kasuwar gwanjo da take ci duk Asabar ana ce mata Balon, tsofaffin agogo ne, kwanuka ne, littattafai, har rigunan soja na zamanin yaƙi duk za ka samu. Bara na tsaya wajen wani dattijo ina juya tsofaffin kuɗi sai idona ya kai kan wani ɗan kwali duk ya sha jiki, ina buɗewa na ga karta ce amma ba irin wadda muka sani ba, ta fi yawa kuma wasu katunan hotuna ne zalla, ga wani an rataye shi, ga ƙwarangwal riƙe da lauje, ga rana da wata. Ni kuma tun ina sakandare zane ne abina, na ba shi yuro 8 na cusa a aljihu. To wasa-wasa yanzu kwali biyar gare ni, ashe ma akwai wani kamfani a garin nan, Lo Scarabeo, aikinsu kenan buga su kala-kala.

Wlh ban taɓa duba da su ba kuma ba ni da niyya. Akwai wata 'yar ajinmu da take yi, ta ce in kawo ta buɗa min na ce a'a na gode. Ni dai in na gaji da karatu sai in baje su a tebur in yi ta kallon yadda kowane mai zane ya fitar da abu ɗaya ta hanyarsa.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne ranar Juma'a muna waya ta bidiyo da Hajiyarmu, na manta na jingina wani kati a jikin fitilar karatu, wanda Mutuwa take kan farin doki sanye da sulke, kawai sai ta yi shiru ta ce "matso min da wancan abin in gani". Tun ranar kullum sai ta kira ta tambaye ni ko na yi sallah, jiya kuma ta sa yayana ya tambaye ni wai ko ƙungiyar asiri na shiga.

Shi ne nake tambaya, ajiye su kawai ba tare da duba ba akwai laifi? Sannan wai asalinsu na tsafi ne? Kuma masu tarawa ya kuke gane jabu, dan guda ɗaya da na saya ta intanet kalarsa duk ta dushe.

Abu_Khadija:

Wa alaikumus salam. Ƙanina zan gaya maka gaskiya ko ba daɗi. Boka boka ne ko ya sa kwat ya kunna kyandir mai ƙamshi, wanda yake zana ƙasa a faifai da mai watsa wuri da wannan 'yar ajin taku duk sana'a ɗaya suke. Allah ya ce a Suratun Namli aya ta 65 babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Shi, kuma hadisi ya zo a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ba ta kwana 40. Ka lura, tambaya kawai aka ce.

Na ji ka ce ba ka yi, madalla, Allah ya ƙara tsarewa. Amma mai kiwo a gefen gonar mutane ai wata rana sai dabba ta faɗa. Yau kana kallon zane, gobe jarabawa ta matso ko wata ta ƙi ɗaga maka waya, sai zuciya ta ce ja guda ɗaya mana ka gani, ai wasa ne. Ga kuma maganar hotunan kansu, na san wasu tsirara ne, akwai ma na Shaiɗan da ƙaho. A ɗakin da kake sallah fa. Ni shawarata ka rabu da su, in abu ya shige maka duhu ga istihara nan. Kuma ko ba komai hankalin mahaifiyarka ya fi kwali biyar.

Uwar_Littafi:

Malam Abu Khadija kan hukuncin duba babu ja, ni ma a nan na tsaya. Amma tambayarsa ta biyu tarihi ce kuma a nan mutane da yawa suke kuskure, har su masu duban.

Karta gaba ɗayanta ta shiga Turai ne wajen shekarun 1370, kuma daga hannun Musulmi ta shiga, Mamalik, sarakunan da suke mulkin Masar a lokacin. Har yanzu akwai tsohuwar kartarsu a ajiye a fadar Topkapi ta Istanbul, gida huɗu ne: takubba, kofuna, tsabar kuɗi da sandunan ƙwallon dawaki. Babu hoton mutum ko ɗaya a jiki, ado ne da rubutun Larabci, ana rubuta malik ko na'ib, ana jin shi ya sa har yau Sifaniyawa suke ce wa karta naipes. Turawan lokacin ba su san ƙwallon dawaki ba sai suka mai da sandar ta zama kulki kawai. Ɗauko naka ka gani, gidajen nan huɗu ne dai.

Sai wajen 1440 masu mulki a arewaci da tsakiyar Italiya, su Milan da Ferrara da Florence, suka ƙara katuna masu hoto 21 da kuma wani kati da ake ce wa Wawa, dan su riƙa cinye sauran a wasa. Shi ne lissafin da ya zauna a 78, wato 56 na gidaje da 22 na hotuna. Waɗanda aka yi wa gidan Visconti da Sforza, masu mulkin Milan, da hannu aka zana su aka shafe da ruwan zinare, yanzu wasu suna Morgan Library a New York wasu suna Bergamo, ba nisa da kai. Wancan da aka rataye ta ƙafa ɗaya ma ba wani sirri ba ne, haka Italiyawa suke zana maci amana a bango dan a kunyata shi.

Shekara sama da 300 abin wasa ne. Hayaniyar tsafin ta taso ne a 1781 da wani malamin coci, Court de Gébelin, ya ga ana buga wasan a Faris ya ce shi ya gano ai littafin hikimar Masar ta zamanin Fir'auna ne aka ɓoye a karta. Ba shi da hujja ko ɗaya, lokacin ma babu mai iya karanta rubutun Fir'aunan, sai 1822 wani masani Bafaranshe, Champollion, ya warware shi kuma ba a ga komai game da karta ba. Abin dariyar, Masar ɗin ya faɗa daidai amma ya yi kuskuren zamani da shekaru dubbai. Daga nan wani Alliette ya juya sunansa ta baya ya koma Etteilla ya mai da abin hanyar cin abinci.

Mai farin dokin da Hajiya ta gani kuma na 1909 ne, a Landan aka buga. Shi kam dan duba aka yi shi, ba zan ɓoye maka ba, Arthur Waite da ya tsara shi ɗan ƙungiyar asiri ne ta Golden Dawn. Wadda ta zana duka 78 ɗin sunanta Pamela Colman Smith, ita da kanta ta rubuta a wata wasiƙa cewa aiki ne babba kuɗi kaɗan, ta mutu a 1951 da bashi a kanta, shekara da shekaru ana sayar da miliyoyi sunanta ba ya ko jikin kwalin. In ka duba ƙasan katin za ka ga 'yar alamar sunanta. Ni wannan ne yake ban haushi duk lokacin da na tuna.

To ka ga ba duka suka zama ɗaya ba, ya danganta da wanne ne a hannunka.

Ɗan_Maraɗi_Lyon:

Salamu alaikum. Ni hwa walle da na ga tambayar dariya ta kama ni, dan nan Faransa in ka ce ma mutum tarot (su taro suke cewa, kamar taron biki) ba ya kawo duba a ranshi, wasa ne na tsohhi da 'yan lakkwal, har ƙungiyar ƙasa gare su tun 1973 suna gasa. Mai gidan da nike haya shi ya koya mini, duk Lahadi da marece mu huɗu muke zama.

Ana raba ma kowa 18, a aje 6 tsakiya, su suna ce ma waɗannan shidan kare, kar ka tambaye ni dalili. Mutum guda ya ce shi ya ɗauka, sauran ukun su haɗe mishi kai. Maki duka 91 ne, kuma akwai katuna ukku da su ne rai: lamba 21, lamba 1, da Wawan. In kana da ukkun maki 36 kawai kake nema, in biyu 41, in guda 51, in ba ka da ko ɗaya sai ka kawo 56. Daɗin wasan duk yana wurin lamba 1, ƙarami ne kowa na iya cinye shi amma tsada gare shi, sai ka ga tsoho ɗan shekara 70 yana zuhwa yana ɓoyonshi kamar kuɗin adashe. Ni sau biyu ana kama mini shi, matar mai gidan ba ta da tausai ko kaɗan.

Kartarmu ma ba ta da Mutuwa ba ta da Shaiɗan, hoton mutane ne suna noma, suna rawa, suna cin abinci, da lamba ƙatuwa a sama. Kuma ba mu sa ko dala. Na san akwai malamman da ba su son karta ko ba kuɗi, wannan wata magana ce, amma ba boka cikinta.

Maman_Ilham:

Ni bari in ba ka nawa dan ni an taɓa yi min, Allah ya yafe min. A wajen aiki ne nan Ingila lokacin hutun cin abinci, wata abokiyar aikina ta fito da nata daga cikin wani ƙyalle na siliki ta ce in yanka da hannun hagu, ni kuma kunya ta hana ni cewa a'a, na ce ai ban yarda da shi ba ma meye a ciki. Ta jera uku, na tsakiyar hasumiya ce tsawa ta faɗa mata mutum biyu suna rikitowa. Ta kalle ni ta sauke murya ta ce akwai babban canji yana zuwa, kuma akwai na kusa da ni da ba ya gaya min komai da komai.

Ɗan uwa sati biyu ban yi barcin kirki ba. Abban Ilham ya fita amsa waya a tsakar gida sai gabana ya faɗi, ƙanwata ta yi kwana biyu ba ta kira ba na ce shi kenan ita ce. Ni da na ce ban yarda ba! Sai daga baya na zauna na ce wai tsaya, waye a duniyar nan ba shi da canji a gabansa, waye kuma kowa yake gaya masa komai? Irin na masu bugun ƙasa ne sak, "akwai wata doguwar mace a danginku ba ta nufinki da alheri", to wace zuri'a ce babu doguwar mace. Akwai wani malamin jami'a a Amurka, Forer, a 1948 ya ba ɗalibansa takarda ya ce bayanin halin kowa ne shi kaɗai, suka ce wlh ya dace, makin da suka ba shi ya haura 4 cikin 5, ashe takarda iri ɗaya ya raba musu duka.

Dan haka tarawa ban san hukuncinta ba, ka tambayi malamai, amma ko da wasa kar ka bari 'yar ajin nan ta buɗa maka.

Mai_Gwanjo:

Kan jabu: yawanci ba sa zuwa da ɗan littafin bayani, sai ka ga lambar QR a bayan kwali, katin ya fi ƙanƙanta, sirara ne kana ɗaga shi a fitila haske na ratsawa, kuma in ka ga na yuro 25 ana ba ka a 5 ka san zancen. Tsohon naka kuma duba abu biyu. In hoton kai biyu ne, sama da ƙasa, na wasa ne irin na yankinku Piemonte, an yi haka ne dan kar mutum ya juya kati abokan wasa su gane abin da ya riƙe. Sannan nemi kati na ɗaya a gidan kuɗi, in akwai hatimin haraji to kafin 1973 aka buga shi, dan daga nan Italiya ta daina bugawa. Kar ka ɗaure da roba tana cin gefe, kuma kullum ka ƙirga kafin ka biya.

Abu_Khadija:

Malama na ƙaru da tarihin, ban san ta Masar ya bi ba. Amma ke da kanki kin ce na 1909 ɗin dan duba aka yi shi. To wannan fa, da me zai kare shi?

Ɗan_Torino:

Na gode kwarai jama'a, Allah ya saka. Malam Abu Khadija gaskiya ba ni da amsa, uku cikin biyar ɗin irin na Waite ne, na tattara su na sa a ƙasan akwati sai na ga limaminmu ranar Juma'a, ɗan Maroko ne ba ya kwana-kwana. Hajiya kuma na yi mata bayanin Mamalik tiryan-tiryan ta saurara har ƙarshe ta ce "to su Mamalik ɗin ne suka tura ka karatu?"

Mai_Gwanjo na duba, kai biyu ne kuma ga hatimin nan ya ɗan goge, kenan na wasa ne kuma ya girme ni nesa ba kusa ba. Sai dai na ƙirga sau uku 77 nake samu, laifina ne ban ƙirga a kasuwar ba. Na jera su ɗaya bayan ɗaya in ga wanne ne babu, ashe Wawan ne. Ɗan Maraɗi, ana iya buga wasan naku ba shi ko sai na koma kasuwa ranar Asabar?