Don Allah mi ake ce wa plaque da tartar da Hausa?

Mai Shiri: Salam ƴan uwa, jibi ina da shirin rediyo kan haƙoran kyanwa, likitan ya turo bayani da turanci wai plaque daban tartar daban, ni kuwa duk dattin haƙori na sani, a taimaka kafin la'asar ɗin gobe.

Dakta: Hajiya ba ɗaya ba ne. Plaque shi ne mai laushin nan mai yauƙi, ƙwayoyin cuta ne ke taruwa jikin haƙori, buroshi na fidda shi. In aka ƙyale shi ƴan kwanaki sinadaran miyau su daskarar da shi ya zama tartar, za ki gan shi ruwan ƙasa a gindin haƙori, dasashi ya yi ja baki na wari, shi kam sai an yi allurar barci an kankare. Ki ce dauɗar haƙori da kantar haƙori.

Bakabe: Kanta?? Dakta a Kabi kake hwa. Sunan sarkin da ya gina birnin Surame za a liƙa wa bakin mussa a rediyo?

Dakta: Haba yallaɓai, kantar da ke fitowa hannun manomi nake nufi.

Bakabe: Mai saurare ba ya jin nufi. Kuma mi ya kawo kyanwa, mussa muke cewa nan.

Na Gusau: Ni dai ƙanzon haƙori, kowa ya san ƙanzo sai an kankara.

Malamin Hausa: Ƙanzo ana jiƙa shi a ci malam, ba cuta ba ne. Tsatsar haƙori ta fi.

Na Gusau: Haƙorin ƙarfe ne? Ku ƴan boko komai sai ya fito daga ƙamus ɗin Kano.

Malamin Hausa: Wa ya ambaci Kano yanzu?

Dakta: Ko mi kuka zaɓa a faɗa wa mutane kar su sa wa kyanwa makilin ɗinmu, ba ta iya tofarwa haɗiyewa take, akwai nata daban. Haƙora 30 gare ta in ta girma, a saba mata da gogewa tun tana ƙarama.

Mai Shiri: To na ɗauki dauɗar haƙori, ɗayan zan ce daskararriyar dauɗa, ya yi tsawo amma ba mai bugo waya ya zage ni.

Na Gusau: Bayani ne wannan ba kalma ba, amma shirinki ne.

Bakabe: Mussa ɗin hwa?

Mai Shiri: Zan faɗa sau ɗaya Baba.